Na'urar Zafi a Ɗakin Inna

Iri biyu mai haɗa wuta ya ajiye wa Auta a kan tebur: na'urar auna zafi mai wayar lantarki, wadda ake ɗaurewa da ƙusa a bango, da wata 'yar fara mai batir, kamar kwalin ashana, da ake mannawa kawai. Auta mutum ne na a yi a gama. Ya ɗauki ƙaramar, wai kada a huda bango a cika wa mahaifiyarsa kunne.

"Inna, in ɗaki ya yi zafi, ita za ta kunna miki na'urar sanyi," ya ce. "Kuma duk inda nake, ta wayata zan san halin da kike ciki."

Inna ta daɗe tana kallon abin, sannan ta sa masa albarka. Daga ranar kuwa ƙafar Auta ta ɗauke daga gidan. Me zai je yi, tunda waya tana gaya masa komai?

Ran nan yana ofis wayar ta yi ƙara. Zafin ɗakin Inna ya kai digiri talatin da tara, alhali na'urar sanyi tana ta aiki tun safe da iya ƙarfinta. Ya kira Inna, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. Sai ya kira yayarsa.

"Yaya, abin auna zafin ɗakin Inna ya haukace."

"'Yar farar nan? Ai ba ta bango. Tuni ta cire ta, a cikin riga take sa ta, wai don ka fi jin ta. Na ɗauka ka sani."

Ashe ba ɗaki yake aunawa ba, jikin tsohuwa ne. Zazzaɓi ke cin ta, ita kuma na'ura tana ta hura mata sanyi a ɗaki rufe. Nan take ya kashe na'urar sanyin ta wayarsa. Ya fita ko jaka bai ɗauka ba.

A mahaɗar titi danja ta tsayar da shi, ya leƙa wayar. Talatin da biyar. Kafin a ba su hannu ta koma talatin da ɗaya. Tana ta sauka. Abu ɗaya ya sani da ke sa jikin mutum ya huce haka, bai kuwa yarda ya ambace shi ko a zuci ba. Tsoro ya kama shi sosai, salati kawai yake yi yana danna hon.

Ya banka ƙofar ɗakin, sanyi ya doke shi kamar ya buɗe firji. Inna tana dunƙule cikin bargo, fuskarta ga bango, ba motsi. 'Yar farar na'urar tana yashe a ƙasa kusa da ƙafar gado.

"Inna!"

Ya ɗora hannu a goshinta. Zafi zau. Bai taɓa murna da zazzaɓi ba sai ranar. Ya durƙusa yana kuka.

Ta buɗe ido a hankali, haƙoranta suna haɗuwa.

"Auta, ka zo? Faɗuwa ta yi, na kasa ɗaukowa." Ta lalubo hannunsa ta riƙe. "Tun shekaranjiya nake matse ta a ƙirji don ka ji. Da ban gan ka ba, na ce ko batirinta ne ya ƙare."