Katin Asibiti a Zauren Masu Burodi

Burodin farko na fitowa daga tanda ke nan direban babban kantin da ke sarar kayan Mai Burodi ya tsaya a bakin ƙofa, ya bar mota a kunne.

"Maigida, an ce ka dakata da kawo mana kaya."

"Lafiya dai?"

Direban ya kawar da kai. "Ka duba zaurenku."

Zauren na waya ne. Ƙungiyar masu gidajen burodi ta buɗe shi a wata manhaja da ba ta nuna suna ko lamba, don kowa ya tona dillalin da ke cakuɗa fulawa ba tare da tsoro ba. Mai Burodi ne ya tsaya kai da fata sai da aka buɗe shi, har aka shigar da masu kantuna.

Ya goge hannu a riga ya duba. Hoton katinsa na asibiti ne, ga sunansa ɓaro-ɓaro, ga sunan ciwon: tarin fuka. A ƙasa an rubuta, "Wannan ne ke kwaɓa abin da 'ya'yanku ke ci."

Tun bara ya warke sarai, amma katin bai faɗi haka ba.

* * *

Ya tura shaidar likita. Wani ya ce ta bogi ce. Wani ya rantse ya taɓa ganinsa yana tari a kan kwaɓi. Duk mutanen da suke gaisawa ne a kasuwar fulawa, sai dai bai san wane ne wane ba.

Ya sami shugaban ƙungiya a ofis.

"Wallahi ko ni ban san wanda ya sa ba," in ji shugaban, yana jan kujerarsa baya kaɗan. "Haka aka gina abin. Kai fa ka ce a nemo mai rufa asiri."

* * *

Katin a aljihun gadonsa yake, kuma mutum biyu ne suka san da shi: matarsa, da ƙanensa da suke haɗa sana'ar. Ita ta yi jinyarsa wata da watanni ba ta taɓa ɓata rai ba. Ƙanen kuwa ya daɗe yana son a raba injinan ya buɗe nasa, amma shi ne ya goya shi zuwa asibiti ranar da ya faɗi.

"Baban yara, kallon me kake min haka kamar baƙuwa?" ta tambaya tana zuba masa ruwa.

"Ba komai."

"Yaya, ka ci abinci mana," in ji ƙanen. "Kwana biyu za a manta."

Ya dubi wayar da ƙanen ya kifa a gefen faranti, ya dubi ta matarsa da ke jikin caji. Ya tsame hannu. Tun daga ranar, duk wanda ya taɓa waya a gidan sai ya bi shi da ido, hira kuma ta mutu.

* * *

Kafin mako ya zagayo burodi ya fara fumfuna a kan kanta. Ya kashe tanda, ya kira wani mai kiwon kaji ya kwashe kyauta.

Mutumin ya loda buhunan burodin a baro, hancinsa a toshe da gefen riga. Har ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Maigida, don Allah gaya min gaskiya. Ciwon ba ya kama kaji dai ko?"