Fim ɗin Shatu da Ƙafar Mukhtaru

Mukhtaru ya karye a ƙwauri, kuma babu wanda bai sani ba a lungunsu na Misfala a Makka, don tun da aka kafa unguwar ba a taɓa jin ƙato ya yi kururuwa irin tasa ba. Ƙato fa na gaske! Sana'arsa ɗaukar shibriya, wannan gadon katako da ake ɗora tsofaffin alhazai a kai a zaga da su ɗawafi. Shi ke riƙe gaba, abokan aikinsa har cewa suke in Mukhtaru na gaba, na baya hutawa yake. Sai ga shi cikin watan Rajab na shekarar 1951 wani ɗan dutse ya kwashe shi a gangaren Nakkasa, aka kawo shi gida a kan ƙyauren shago.

Aka kira Baba Tsoho maɗori, wani Basakkwace da ya zo Makka a ƙafa tun yana saurayi. Ya shafa ƙafar, ya faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Ƙashi ya goce, kumburi ya fara. In ba a ja shi ya koma mazauninsa yau ba, zai kama a karkace, Mukhtaru ya yi ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Mai ɗingishi kuwa shi da shibriya sai kallo, don wa zai yarda a ɗora uwarsa a kafaɗar mai tangaɗi? Asibiti ma dai kada a fara, Mukhtaru ya rantse ba zai je a yanke masa ƙafa ba.

To, ɗorin fa? Nan ake yin ta. Da Baba Tsoho ya miƙa hannu sai gogan ya sandare, ya ɗaure jijiyoyi, ya kai harbi da ƙafar mai lafiya. Maƙwabta suka taru suka danne shi, ya watsar da su. Isa mai shayi ya fita yana dafe da leɓe a fashe, yana cewa shi kam ya tuba.

"Ƙarfi bai ɗori," in ji Baba Tsoho, yana goge man shanu daga hannunsa. "Ni ba danne shi nika so a yi ba. So nika shi manta da ƙafag ga, ko na ɗan numfashi guda. In bai saki jiki ba, wallahi ba ni ja."

Shatu, matar Mukhtaru, tana bayan labule da Rakiya a hannu, 'yarsu da ta fara rarrafe. Haushi da tsoro duk sun cika ta. Haushin ƙaton da ke abin kunya a gaban maza, tsoron kuma abin da za su zama in ƙafar nan ta lalace. Da ta ji tsohon ya ce "shi manta", sai dabara ta faɗo mata, don ta san abu ɗaya a duniya da ke sa mutum ya manta da jikinsa.

Ita Shatu ba haifaffiyar Makka ba ce kamar mijinta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Kano da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, suka yada zango a Omdurman har ta girma a can. Tun tana yarinya take sayar da gyaɗa a ƙofar wani gidan silima marar rufi. Mai tsaron ƙofa yakan bar ta ta raɓe daga baya in an fara, ladansa ɗan ƙullin gyaɗa. A haka ta ga fim tun yana bebe har ya buɗe baki, kuma cikinsu duka babu wanda ta fi so irin wanda take kira fim ɗin ɗar-ɗar, mai hana mutum zama daidai a kan benci. A Makka babu silima, ba a ma zancenta. Mukhtaru bai taɓa gani ba, ya kuma hana ta ba matan unguwa labarin, wai shirmen hotuna ne.

Ta ajiye Rakiya a tabarma, ta ja mayafi, ta ɗaga labule.

"Baba, a ba ni wuri. Maza su koma zaure."

"Mi za ki yi, ɗiyata?"

"Kai dai zauna ta wajen ƙafar, ka yi kamar ka haƙura."

Ta durƙusa ta wajen kan mijinta, inda dole ya juyar da fuska daga ƙafarsa in zai dube ta.

"Baban Rakiya, labarin fim zan ba ka."

"Ya shaiha, ina mutuwa kina zancen hotuna? Halas, ya isa, tashi ki ba ni wuri!"

"In mutuwar ce ai gara ka tafi da labari. Wani ɓarawo ne ya sace jakar zinariya ya haye rufin jirgin ƙasa, jirgin kuma yana gudu."

"Rufin jirgi? Yana gudu?"

Ya kamu! Shatu ta ji daɗi har cikin ranta, ta zuba masa irin na farko-farko, na zamanin da fim ba ya magana, sai wani mutum a gefe yana kaɗa molo yana sauri in an fara gudu. Ɗan sanda ya biyo ɓarawo a kan doki, ya kama ƙarfen tarago, ya yi tsalle. Suka kama kokawa a sama, ga gada tana tahowa, ga kogi a ƙasa. Ta ce a lokacin nan daidai irin wannan wurin ake yanke fim, a ce wa mutane su dawo mako mai zuwa, su fita suna zage-zage, su kuma dawo ɗin.

"Ya naushe shi mana!" Mukhtaru ya daka tsawa. "Yalla, a haƙarƙari!" Ya kai wa iska naushi, jikinsa duk ya motsa, ƙafar ta gurɗe, ya saki wata ƙara da ta kori tattabarun maƙwabta.

Baba Tsoho ya girgiza kai. "Ɗiyata, wanga labari naki ƙara mai ƙarfi shikai."

Kash! Shatu ta ciji yatsa. Ai ta sani, ta manta ne. A silima ma in ana irin wannan, benci karyewa yake, maza na tsalle. Ta yi maza ta koma irin wanda ya zo bayan fim ya fara magana, na mai bincike da ke tara mutanen gida a ɗaki ɗaya yana tambayar wanda ya kashe attajiri. Ko rabi ba ta kai ba Mukhtaru ya ce kuku ne ya kashe shi, ta ce ba shi ba ne, ya ce wallahi shi ne, suka kama musu har ya yunƙura zai tashi zaune. Wannan kam ba ta ɓata lokaci a kansa ba.

Rana ta fara karkata. Baba Tsoho ya danna yatsa a kumburin, ya dube ta. Ta gane.

Saura iri ɗaya. Shi ne wanda aka fara kawowa bayan babban yaƙin duniya, gab da su baro Sudan zuwa Makka: fina-finai masu duhu, inuwa ta fi mutane yawa, babu doki, babu gudu. A cikinsu ba a ɓoye wa mai kallo komai. Kai ake fara nuna wa masifar, sannan a bar ka kana kallon wanda bai sani ba yana nufarta. Ta tuna yadda gidan silima ke yin tsit, ko mai sayen gyaɗa ba ta samu, kowa ya saki baki ya saki hannu. Akwai ɗaya da ta fi riƙewa. Sai dai da matsala, kuma ita kaɗai ta san ta: ba ta san ƙarshensa ba. Ba ta taɓa ganin ƙarshen kowane fim ba! Kafin a tashi dole ta fice ta gyara farantinta a ƙofa, don lokacin fitowar jama'a ne ciniki. Labarin nan yana da bakin rami, in ta kai can Baba bai ja ba, shi ke nan.

Ta yi bisimilla a zuci, ta rage murya.

"Wata mata ce mai wanki, a wani gari bakin kogi. Ta ga wani mutum ya tura abokinsa cikin ruwa. Shi ma ya gan ta. Da ta tafi kasuwa sai ya shiga ɗakinta da buhu. Muna kallo fa, Baban Rakiya. Ya buɗe kwandon da take ajiye gari, ya zazzage buhun a ciki. Gamsheƙa ce, baƙa wuluk. Ya mayar da murfi, ya fita."

"La haula! Ita ta sani?"

"Ina za ta sani? Mu kaɗai muka sani. Sai ga ta ta dawo tana 'yar waƙarta, da goyo. Ta sauke yarinyar a ƙasa, kamar dai Rakiya, ta fara rarrafe. Uwar ta ce bari ta ɗora abinci. Ta nufi kwando."

Mukhtaru ya ƙara juyo da fuska wajenta.

"Ta miƙa hannu ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciya ce, aron gishiri."

"Alhamdu lillahi. Ta gaya mata mana!"

"Ta gaya mata me? Ita ma ba ta sani ba. Suka tsaya hira a bakin ƙofa, hirar banza, wai tsadar albasa. Mu kuma ana nuna mana kwandon a bayansu. Sai murfin ya ɗan ɗaga. Ya koma."

Ta wutsiyar ido Shatu ta ga Baba Tsoho ya matso, ya ɗora tafin hannu a diddigen, a hankali. Mukhtaru bai ji ba. Wayyo daɗi! Amma ta riƙe muryarta. Ta ja labarin iya ja. Matar ta koma, wuta ta mutu, ta tsuguna tana hurawa, ta ba kwando baya. Hayaƙi ya shiga idonta. Ta tashi neman mafici.

"Yarinyar fa?" in ji Mukhtaru, da wata 'yar murya da ba ta san shi da ita ba.

"Yarinyar ta ga murfi yana motsi. Ta yi dariya. Ta fara rarrafe."

"A'a."

"Tana tafiya, tana tsayawa. Uwar na can na fifita wuta tana waƙa."

Baba Tsoho ya kama ƙwaurin da ɗaya hannun, ya ɗan gwada, ya saki. Ya yi mata alama da ido: saura kaɗan, akwai sauran tauri. Saura kaɗan! Ita kuwa labarinta saura taƙi ɗaya. Ta sa yarinyar ta tsaya wasa da cokali. Ta sa kyanwa ta gifta. Ta sa ladan ya yi kira daga nesa. Duk wannan babu shi a fim ɗin, ƙari ne na wadda ruwa ya ƙare wa. Gumi ya jiƙa mata mayafi.

"Ta iso. Ta dafa kwandon ta miƙe tsaye, ƙafafunta na rawa. Ta ɗora ɗan hannunta a kan murfin. Sai..."

Nan ne. Daidai nan mai tsaron ƙofa yake taɓa kafaɗarta ya ce ta fita an kusa tashi. Shatu ta buɗe baki, babu komai a ciki. Ta laluba kanta kaf, wayam. Mukhtaru ya zuba mata ido, baki a sake, numfashi a tsaye, hannayensa sun zube a tabarma, duk ƙaton jikin nan ya saki yana jiran kalma ɗaya.

Ƙas!

Ihun da ya biyo baya, an ce har masu shago a bakin titi sun fito. Ya kira uwarsa, ya kira kakarsa, ya zagi Baba Tsoho da Hausa ya ƙare da Larabci. Tsohon ko a jikinsa. Ya riga ya jera karare, yana naɗe tsumma yana tofa addu'a, hannunsa na tafiya kamar ba na tsoho ba. Maza suka ruɗo daga zaure suna tambayar ko lafiya.

Da ihun ya lafa, Mukhtaru ya cafko gefen mayafin matarsa, yana haki.

"Sai me? Ta buɗe?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

"A nan nake fita in gyara gyaɗata. Duk ranar da aka nuna shi na kalla, kuma kullum a nan nake fita."

"Shatu! Kika bar yarinya da maciji kika tafi sayar da gyaɗa?"

Maza suka dubi juna, ba su san wace yarinya ba, ba su san wane maciji ba. Isa mai shayi har ya fara waige-waige yana tattare riga.

Baba Tsoho ya ɗaure ƙullin ƙarshe. Ya miƙar da ƙafar mai lafiya kusa da ɗaurarriyar, ya haɗa diddige da diddige, ya daɗe yana dubawa.

"Sun yi daidai," ya ce. "In shi kwanta yadda ni ce, da yardar Allah shi za shi riƙe gaban shibriya bana."

Shatu ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, ta fashe da kuka, kukan murna da na tsoron da ta danne tun safe, ba ta ko jin kunyar mazan da ke tsaye. Mukhtaru kuwa ko duban ƙafar bai yi ba. Idonsa na kan tabarmar bakin labule, inda Rakiya ke rarrafe abinta.

"Ku ɗauke ta daga ƙasa," ya ce. "Ku miƙo mini ita nan."