Huɗu, Mun Cika

Shekara goma sha tara Malam ya yi yana fita da ɗalibai yawon buɗe ido, kuma bai taɓa dawowa da ƙasa da adadin da ya fita da shi ba. A ɗakin malamai har misali ake yi da shi. Dabararsa ba ɓoyayyiya ba ce: kowane yaro ya sa hula mai launi ɗaya, a ja layi a kowace ƙofa, shi kuma ya bi yana dafa kawuna yana ƙirgawa, in adadi ya cika, ya faɗa da ƙarfi, a wuce. Da wannan hanya ya sha kai yara sittin masana'anta da filin jirgin sama ya dawo da su. Don haka da asibitin da matarsa ke aiki ya janye hutun da ya yi mata alkawari, ana saura kwana biyu su yi tafiya da 'ya'yansu, bai ga dalilin fasawa ba. Yara huɗu ne kacal, kuma nasa ne.

Matar ba ta ja da shi ba, sai dai ta roƙi ƙanwarsa, wadda tela ce, ta rufe shago ta bi su. Goggo, kamar yadda yaran ke kiranta, ta ce ta yarda, da sharaɗin kada Yayanta ya sa mata hula ko ya dafa mata kai.

A rana ta uku suka je gandun namun daji da ke bakin tafki, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo su garin. Tun da safe ranar ta soma zame wa Malam daga hannu. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ɓatar da takalmi a masauki, ɗayan kuma ya ƙi sa nasa don nuna zumunci. 'Yar Fari, mai shekara goma sha uku, ta tsaya gaban madubi har sai da aka yi mata magana sau uku. Kurciya ce kaɗai ta shirya tun kafin a ce, ta zauna a bakin gado tana jira. Shekararta takwas, kuma saboda sanyin muryarta uwarta ta laƙaba mata sunan. Sa'ad da suka isa ƙofar gandun, jadawalin da Malam ya ninke a aljihun gaba ya riga ya ba su baya da minti ashirin da biyar.

A bakin ƙofa ya saya wa yaran huluna huɗu ruwan rawaya. Goggo ta dubi haraba, ta dube shi.

"Yaya, ka lura kuwa? Duk yaron da ke wurin nan rawaya ce a kansa. Mutumin nan ba shi da wani launi."

Malam ya amsa cewa ba yau ya fara ba, ya duba agogo, ya ce a wuce.

Haka suka ratsa gandun kamar waɗanda aka biyo. Minti goma wurin birai, minti takwas wurin jimina, ɗakin macizai kuwa ta ƙofa ɗaya aka shiga aka fita ta ɗaya ba tare da kowa ya tsaya ba. Goggo na biye da jakunkuna tana mita, tana cewa ita dai ba ta ga zaki ba, wutsiyarsa ta gani, kuma in hutu ke nan to gara zaman keken ɗinki. Burin Malam shi ne jirgin ruwan ƙarfe biyu, mai kai mutane tsibirin tsuntsaye, domin in ya wuce su sai na ƙarfe uku, shi kuwa na uku zai rusa duk abin da ya tsara wa yamma.

Sun iso matsayar jirgi ana shirin janye katakon hawa, mutane sun cunkushe a mashiga. Malam ya ja yaransa gefe, ya dafa hula ɗaya, biyu, uku, huɗu, idonsa na kan matuƙin da ke kwance igiya.

"Huɗu, mun cika," in ji shi, ya miƙa tikiti shida.

Jirgi ya yi nisa da gaɓa kafin ya sami natsuwar buɗe jaka. Kowace gorar ruwa ya manna mata takarda da sunan mai ita, ya shiga rabawa. Ya miƙa ta Kurciya, hannu bai karɓa ba. Ya sake miƙawa, yana shirin yin faɗa, sai hular ta ɗago. Yarinya ce mai tsayin 'yarsa da irin jikinta, mai giɓi a haƙoran gaba, kuma bai taɓa ganinta ba a duniya. Ta dube shi, ta dubi Goggo, ta leƙa kujerun baya tana neman fuskar da ta sani.

Abin da Malam ya fara yi, wanda daga baya ya fi komai ba shi kunya, shi ne ya sake ƙirgawa. Huɗu ne. Lissafi bai yi ƙarya ba, 'yarsa ce kawai babu.

Ya tashi ya bi jirgin daga gaba zuwa baya yana ɗaga hulunan 'ya'yan mutane, iyaye na harararsa. Goggo ta yi salati a hankali, ta jawo baƙuwar yarinyar ta ɗora a cinya, ta gano daga bakinta cewa 'yan uwanta ta zata a layin. Matuƙin, dattijo mai furfura a gemu, ya saurari Malam har ƙarshe, sannan ya ce ba zai iya juyawa ba: hanyar ruwan siririya ce tsakanin ciyayi, ga wani jirgin na tahowa a bayansu, sai an kai tsibiri. Minti goma sha biyar zuwa, goma sha biyar dawowa. Wani fasinja da ya ji Malam na faɗin shekarun da ya yi a aikin ya ce ai yau ruwa ya ci gwani, matuƙin ya ce masa ba a irin wannan magana a jirginsa.

Matuƙin ya ɗauki oba-oba ya kira ofishin masu gadi. Can ma, aka ce, ga wasu iyaye sun cika ofis da kuka. Aka kwantar musu da hankali cewa tasu tana cikin jirgi. Sai muryar mai gadin ta nemi kamannin wadda ta ɓata, matuƙin ya miƙo wa Malam na'urar. Ya faɗi shekarunta, da ajinta, har da tsayinta, domin shi ya auna ta a jikin bango. Aka tambaye shi wane kaya ke jikinta. Ya buɗe baki, ya tarar babu komai a ciki. Ya ce hula ruwan rawaya. Mai gadin ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, yara sun fi ɗari uku a gandun yau masu irin wannan hula.

"Doguwar riga shuɗiya mai aljihu biyu," in ji 'Yar Fari, ba ta dubi mahaifinta ba. "Goggo ce ta ɗinka mata."

Tambaya ta gaba ta fi wuya: ina ne wuri na ƙarshe da ya gan ta? Ya ƙirga a ƙofar birai, ya ƙirga a ƙofar macizai, ya ƙirga a matsaya. Amma gani? Ya bi ranar da baya, ƙofa bayan ƙofa, bai tarar da fuskarta ko sau ɗaya ba, sai saman huluna da tafin hannunsa. Ya ƙara ja da baya zuwa jiya, zuwa cikin mota, zuwa teburin cin abinci na gida, yana neman lokacin da ya tsaya ya dubi yarinyar nan ido cikin ido. Tagwaye na tilasta wa mutum ya gan su, 'Yar Fari na gardama, ita kuwa ba ta taɓa ba shi dalilin juyowa ba, shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin tarbiyya mai kyau har yana yabon kansa.

Bai iya zama ba. Ya je gaban jirgi, ya dawo, ya dafa ƙarfen gefe, ya saki. Gaɓar da suka baro ta koma zare, ɗigo-ɗigon rawaya na yawo a kanta, kowanne zai iya zama ita, har da waɗanda ke dab da ruwa. Wayarsa ta yi ƙara: matarsa ce, ta sami sararin cin abinci. Ya bar ta ta katse. Ta sake kira.

"Ɗauka, Yaya," in ji Goggo. "In akwai wanda ya san inda za a neme ta, ita ce. Girman kai ba ya nemo yaro."

Ya ɗauka, ya faɗa mata a jimla uku, bai ƙawata ba. Ya ji ta ja numfashi, ya ji ƙarar ƙofa kamar ta fita daga cikin mutane. Ba ta yi ihu ba, da ma aikinta ya hore ta. Ta ce su daina neman yarinyar a wuraren wasa da na sayar da alewa, Kurciya ba ta yawo kuma ba za ta amsa kiran lasifika ba. Za ta koma wurin da ta nemi wani abu aka hana ta, ta zauna. Sannan ta tambaye shi me yarinyar ta roƙe shi yau.

Zai ce ba ta roƙi komai ba, sai ɗaya daga cikin tagwayen, wanda ya kasa kunne, ya ce ai ta ja rigar Baba a wurin dabbar nan mai ƙaya, Baba ya ce babu lokaci. Sai a sannan Malam ya tuna. Wani ɗan ja ne a gefen rigarsa, a wata kwana bayan ɗakin macizai, ya zata ƙarfen shinge ne ya kama shi, har ya amsa ba tare da ya san ya amsa ba.

Aka sanar da masu gadi su duba kejin beguwa. Kafin su kai tsibiri amsa ta dawo cewa an leƙa, ba kowa a gaban kejin. Matuƙin ya sauke mutane cikin hanzari, bai jira cikar lokacinsa ba, ya juya. Wannan dawowar ita ce tafiya mafi tsawo da Malam ya taɓa yi. Ya ciro jadawalin don kawai hannunsa ya sami abin yi, ya ga a daidai wannan minti ya rubuta "kallon tsuntsaye", ya mayar.

A matsaya uban baƙuwar yarinyar ya fizge 'yarsa, ya tare Malam yana tambayarsa ko makaho ne, mutum ya ɗauki ɗan wani bai sani ba. Malam ya ce masa yana da gaskiya, ya bar shi da Goggo, wadda ba ta rasa abin faɗa, ya sheƙa da gudu, abin da rabonsa da shi tun yana saurayi.

Gaban kejin beguwa babu kowa, kamar yadda aka ce. Kejin kansa kamar fanko, sai kututturen itace da rami. Ya tsaya yana haki, sai ya lura shingen ya zagaya ta baya, inda wata siririyar hanya ta bi tsakaninsa da bango. A can ya same ta, a tsugune, ta cusa hular a aljihu, goshinta a jikin waya, daidai saitin bakin ramin.

Duk maganar da ya tanada a jirgi ta watse. Ya durƙusa kusa da ita. Akwai busasshen sawun hawaye a kumatunta, da wani ɗan tabo a ƙasan haɓarta wanda bai san yaushe ta same shi ba. Ya tambaye ta me ya sa ba ta biyo su ba.

"Na biyo ku, Baba. Na zo har wurin jirgi, mutane suka tare ni." Idonta na kan ramin. "Sai na ji ka ce kun cika."

Ya gode wa Allah da bai ƙago wani uzuri ba. Ya zauna a ƙasa, cikin ƙura, da farar rigarsa. Can ya ce mata ba su cika ba, kuskure ya yi, kuma laifinsa ne shi kaɗai. Ta gyaɗa kai kamar mai karɓar bayanin da za ta duba daga baya. Ta nuna masa cewa in mutum ya runtse ido ɗaya zai ga tsinin ƙayoyin a cikin duhun ramin, suna motsi in dabbar ta yi numfashi. Ya runtse, ya daɗe bai ga komai ba, sannan ya gani.

Ya kira uwar, ya miƙa wa yarinyar wayar. Nan ya ji abin da bai taɓa ji ba: Kurciya na zuba magana ba tsayawa, tana ba da labarin biri mai satar lemo, da yadda Goggo ta tsorata da jimina, da wata tsohuwa da ta ba ta ruwa. Ashe duk ta ga waɗannan abubuwa a ranar da shi bai ga komai ba sai agogo. Ya sunkuyar da kai yana saurare, kamar ɗalibin da ya shigo aji a makare.

Daga cikin wayar ya jiyo uwar na tambayarta ko ta ji tsoro da ta ɓata. Yarinyar ta ɗan dube shi ta wutsiyar ido.

"Ni ban ɓata ba, Mama. Baba ne ya tafi, kuma ya dawo." Ta saurara kaɗan, ta miƙo masa. "Ta ce a ba ka."

Ya goge tafin hannunsa a gwiwa, ya karɓa.