Hodar Auta a Bakin Layin Tsere

Shekara tara Auta tana karanta labaran ƙarfe bakwai na safe a rediyo, amma cikin masu sauraronta da wuya a sami goma da suka san fuskarta. Zabiya ce, fara sol, har gashin girarta fari ne. Aikin rediyo ya yi mata daidai: ɗaki mai sanyi, babu taga, babu rana. Takarda kuwa sai ta kawo ta dab da hanci take iya karantawa, shi ya sa tun da wuri ta saba haddace rabin abin da za ta faɗa.

Ranar Laraba Oga, shugaban sashen labarai, ya aika a kira ta. Ta tarar da shi da waya a kowane kunne. Ya ajiye ɗaya.

"Mai gabatar mana da wasanni a talabijin ta haihu jiya," in ji shi. "Ranar Asabar akwai tseren kekuna, za mu nuna kai tsaye daga goma na safe zuwa uku. Ina son wadda ba za ta kama in-ina ba idan takarda ta ɓace. Za ki iya?"

"A talabijin, Oga? Fuskata?"

"To da ƙeyarki za mu nuna?"

Ta ce za ta iya tun kafin ta yi tunani. Ta sauko matakala bibbiyu, ta gaishe da maigadi sau biyu, ta wuce ɗakin kwalliya tana haki.

Mai kwalliyar gidan, wadda kowa ke kira Anti, ta zaunar da ita gaban madubi mai fitilu, ta ɗaga mata haɓa, ta juya fuskar dama da hagu kamar mai tayin kaya.

"Kai, wannan fuska za ta karɓi kwalliya," in ji Anti. "Ƙarfe takwas ki zo min. Awa guda zan yi a kanki. Daga nan har a tashi, ko ƙuda ne ya sauka miki a hanci, ki bar shi ya gama hutawa. Ba a taɓa min aiki."

Murnar Auta ta ɗan ja baya. "Anti, ni duk bayan awa biyu sai na sake shafa man kariya daga rana. Dokar likita ce. In na yi wasa, kafin la'asar fatata ta tashi."

"A kan kwalliyar?"

"To ina zan shafa?"

Suka gwada. Anti ta shimfiɗa fandeshan, ta ja gira, ta saka jambaki, har Auta ta kasa ɗauke ido daga madubi, don ba ta taɓa ganin kanta haka ba. Sai ta ciro man daga jaka, ta matsa a tafin hannu, ta shafa a kumatu. Nan take fuskar ta koma kamar bangon da ruwan sama ya doka kafin fenti ya bushe. Gira ɗaya ta gangaro har gefen ido. Suka fashe da dariya su biyu, Anti har da riƙe ciki.

A gida Mama ba ta ma bari ta kai ƙarshen labarin ba.

"Awa biyar a rana? Ke? Kin manta ranar wasannin makaranta da kika dawo min da ƙuraje har wuya, kika kwana uku ba kya iya kwanciya a kan matashi? Ki koma ki ce wa Ogan naki mun gode."

"Mama, talabijin fa!"

"Ko majigi ne."

Ana cikin haka Yaya ta shigo daga aiki. Ita ce babbarsu, a kantin magani take aiki, kuma ba ta da saurin magana. Ta saurari ɓangarorin biyu tana cire takalmi, ta ce su ba ta zuwa gobe.

Washegari da yamma ta dawo da wani abu mai kama da babban jambaki. Ta cire murfin, sai ga burushi mai taushi a kai, ƙasansa kuma kwalba cike da gari mai laushi.

"Hoda ce, amma ta kariya daga rana," in ji Yaya. "Ba a murza ta. Zagayawa ake yi da burushin a kan kwalliyar, ta zauna a sama, ba ta ɓata komai."

Auta ta fizge ta daga hannunta. Ta goga a bayan hannu, babu abin da ya fito. Ta sake gogawa, shiru. Ta girgiza, ta buga gindin a kan tebur da ƙarfi, sai hodar ta tashi bus, ta rufe fuskar Mama da ta leƙo don ganin abin da idonta. Mama ta yi atishawa uku a jere.

"Alhamdu lillahi. Ni dai yau rana ba za ta taɓa ni ba," in ji Mama, tana share hanci da gefen mayafi.

Yaya ta jira dariya ta lafa, sannan ta ɗaga yatsa. "Ki saurare ni da kyau, Auta. Wannan ba ta maye gurbin mai. Ƙari ce kawai. Da safe ki shafa man da yawa, ki bari ya sha, sannan a yi kwalliya a kai. Hodar ta fuska ce kaɗai, kuma ba shafa ɗaya ba, ki zagaya ki sake zagayawa. Kunne, wuya, hannu, duk mai za ki ci gaba da sa musu. Malafa ba ta barin kanki. In ba a nuna ki, ki shiga ƙarƙashin lema."

Mama ta ce ita sai ta ji daga bakin likita. Suka kira likitan fatar da ke duba Auta, suka saka wayar a tsakiyar tebur. Ya maimaita kusan duk abin da Yaya ta faɗa, ya ƙara da riga mai dogon hannu da tabarau, ya ce in ta ji fatar ta fara zafi ta bar wurin ko da ana tsakiyar shiri. Daga ƙarshe ya tambayi ƙarfe nawa za a fara, don shi ma yana so ya kalla. Mama ta tashi ta ɗauko dutsen guga.

"Wace riga za ki sa?" ta ce.

Asabar ƙarfe tara da rabi motar gidan talabijin ta sauke su a babban titin da aka rufe saboda tseren. An ja farin layi a ƙasa, an kafa shingen ƙarfe hagu da dama, jama'a sun cika bayansa da tutoci da usur. Masu keke sama da ɗari suna ta gwada birki. Mai kyamara, wani siriri da ake kira Dogo, ya kafa kayansa, ya saka wa Auta 'yar na'ura a kunne wadda za ta riƙa jin muryar darakta daga situdiyo.

"In kin ga jar fitilar nan ta kama, duniya na kallonki," in ji Dogo. "In ta mutu, ki yi abin da kika ga dama."

Saura minti biyar ta yi hodar farko, cikin gaggawa har burushin ya shiga mata ido. Sai muryar darakta: uku, biyu, ɗaya. Fitila ta kama.

Ta buɗe baki, muryar da ta saba ta fito. Wata dattijuwa da ke jingine da shinge ta dafe ƙirji ta ce da ƙarfi, "La! Ai mai labaran safe ce!" Mutanen wurin suka juyo, wasu suka fara tafi. Daga nan tsoro ya bar Auta. Ta haddace sunayen manyan 'yan tseren da lambobinsu tun ranar Alhamis. Ba ta iya hango lamba daga nesa, don haka Dogo yake raɗa mata, ita kuma ta ɗora labari a kai: wannan makaniki ne, wancan malamin makaranta ne da ke atisaye kafin ya tafi aji.

Sha biyu wayarta ta yi ƙara a aljihu, tana tuna mata lokacin shafa ya yi. Fitila a mace, ta shige ƙarƙashin lema, ta danne gumi da tishu kamar yadda Anti ta koya mata, ta zagaya da burushi a goshi, hanci, kumatu, haɓa, ta sake zagayawa. Ta shafa mai a hannu da wuya. Ta duba ƙaramin madubi: gira na nan inda aka ajiye ta. Ta ɗauki hoton kanta ta tura wa Anti. Amsa ta zo nan take: "Aikina lafiya lau. Ci gaba!"

Ƙarfe biyu rana ta take, kwalta na tururi. 'Yan tsere sun shiga zagayen ƙarshe. Wayar ta sake ƙara, daidai lokacin da darakta ya ce a kunnenta, "Mun tafi talla, kina da minti uku." Ta ciro hodar, ta ture malafa baya kaɗan, ta murguɗa baki gefe don burushin ya sami gefen hanci.

Abin da ba ta sani ba, wani ɗan tsere ya ɓalle daga cikin ayari tun kafin lokacin da aka zata, darakta kuwa ya yanke tallar. Dogo ya yi ta kaɗa mata hannu. Da ta ɗago, jar fitila na kallonta, ga baki a murguɗe, ga burushi a hanci.

"Kina kai! Kina kai!" darakta yana ihu a kunnenta.

Daƙiƙa ɗaya ta yi tsaye kamar an dasa ta. Sai ta ɗaga burushin gaban kyamara.

"Masu kallo, kun kama ni," ta ce tana dariya. "Ba gayu ba ne, kariya ce daga rana. Irin fatata ba ta wasa da rana, duk awa biyu sai na sabunta. Ga mai a ƙasa, ga hoda a sama. To amma ku bar ni da hancina, ku dubi abin da ke tahowa!"

Dogo ya juya kyamara. Lamba arba'in da ɗaya ne, malamin makarantar nan, ya duƙa a kan keke kamar zai haɗiye kan keken, makanikin na biye da shi taku kaɗan. Jama'a suka ɗauki sowa, shinge na girgiza. Auta ta manta da burushin da ke hannunta, da shi take nuna su tana ɗaga murya. "Makaniki ya matso! Ya kamo shi! Kafaɗa da kafaɗa! Malam ya miƙe tsaye a kan feda! Malam! Malam ya shiga!" Da faɗin taya ɗaya ya ci. Ta yi tsalle har malafa ta faɗi, Dogo ya cafe ta da hannu ɗaya ya mayar mata, bai bar kyamara ta motsa ba.

Suna naɗe wayoyi Oga ya kira. Ta riga shi magana.

"Oga, wallahi ban san an dawo daga talla ba."

"Wa ya tambaye ki? Wayoyin ofis sun ƙi yin shiru. Rabi suna tambayar wace ce ke, rabi suna tambayar mene ne wannan burushin. Wani bawan Allah ya kira sau uku, 'ya'yansa mata biyu zabaya ne, ya ce tun da kika fito suka manne da talabijin, ko abinci sun ƙi tashi su ci. Ki nemo mana likitan da ke duba ki, ku yi mana shiri a kan rana da fata. Sauran magana sai na turo miki saƙo."

Da ta isa gida falo ya cika da maƙwabta, Mama na tsakiya tana ba da labarin tseren kamar ita ta tuƙa keken. Yaya ta ja Auta bakin taga, ta sa ta wanke fuska, ta bi ta da kallo gaɓa-gaɓa. Goshi lafiya, hanci lafiya, kumatu sun ɗan yi ja amma babu zafi. Ta ɗaga mata kunnen hagu, inda na'urar ta zauna.

"Nan fa? Ya yi jawur."

"Na'urar ce ta hana ni shafawa."

"Sai ki cire, ki shafa, ki mayar. Kawo in sa miki magani."

Tana cikin shafa mata saƙon Oga ya shigo. Auta ta kawo wayar dab da hanci, ta karanta, ta saki ƙara har Yaya ta zubar da murfin maganin. Asabar mai zuwa wasan ƙwallon ƙafa ne, ƙarfe huɗu, kuma ita ce a bakin fili.

Ta leƙa falo ta hango mijin Yaya yana neman takalminsa zai tafi.

"Mijin Yaya, tsaya, ba inda za ka!" ta ce. "Dawo ka zauna. Ɗauko cokula da kofuna ka jera min a tebur, yau sai ka fahimtar da ni mene ne satar gida a wasan ƙwallo."