Silin Ɓargon Kara

Duk Likoro an san Malam Ashafa da kafiya. In ya ce a'a, to a naɗe tabarma kawai. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kwantar da shi a ɗakinsa mai rufin kwano, ga bazara ta shigo da ƙarfinta. Kafin azahar ɗakin ya koma tanderu, tsoho sai juyi, zufa na jiƙe matashi, barcin rana kuwa ya manta kamanninsa.

Babban ɗansa Iliyasu, da ke aiki a Zariya, ya bugo wa ƙanwarsa waya.

"Atika, likita ya ce zafin nan ba ya yi wa jininsa kyau. Bara na sa silin roba, me ya tsinana? Nan da Asabar uku zan zo da mota in ɗauke shi."

"Yaya, ka san ba zai yarda ba."

"Ko yana so ko ba ya so. Rai ya fi ɗaki."

Malam Ashafa ya ji komai, don wayar Atika ba ta iya sirri ba. Ya juya fuska bango ya ce, "A ɗakin nan uwarku ta cika. Ba inda za ni." Muryarsa ta karye a ƙarshe, kuma abin ya soki Atika ƙwarai.

Ita Atika malamar kimiyya ce a wata sakandare a Kudan, irin mutanen nan da ba sa ganin abu a waya su bar shi ya wuce. Ta taɓa karanta yadda a wasu ƙasashe ake niƙa ɓawon wata itaciya mai laushi, a haɗe garin da gam na tsiro, a matse ya zama allo mai tare zafi. Itaciyar dai babu ita a nan. Amma ɓargon karan dawa fa? Ga shi fari, ga laushi, ga rashin nauyi, kuma ga kara nan jibge a bayan kowane gida.

Ta tara matan gida aka yi ta ɓare kara ana daka ɓargon. Kafinta ya haɗa mata akwatin katako marar zurfi. Saura gam. Ta dama sitacin rogo ya yi kauri kamar kamu, ta cakuɗa, ta zuba a akwati, ta danne da bulo.

Gwaggo Nana, ƙanwar Malam, tana zaune a gindin turmi tana gyaran wake. Ta leƙo ta ce, "Wannan tuwon na wane ne?"

"Ba tuwo ba ne, Gwaggo, kimiyya ce."

"To, Allah ya ba kimiyya lafiya."

Kwana biyar aka yi ana aiki, alluna goma sha biyu suka fito tas, farare, sai ka ce a shago aka sayo. Atika ta jera su a jikin katanga su ƙarasa bushewa, ta ɗauki hoto, ta hau mashin ta tafi makaranta tana jin kanta a sama.

Da ta dawo da la'asar, wayyo! Jar akuyar gidan da 'ya'yanta biyu sun yi walima. Alluna bakwai sun tafi, sauran duk an gatsa musu kunne, kiyashi kuma sun yi layi suna kwasar ragowa. Akuyar ta ɗago kai ta dube ta, gari fal a gemu, ko kunya babu.

Atika ta zauna daɓas a ƙasa. Haushi ya cika ta, tsoro kuma ya fi haushin yawa, don Asabar ɗaya ta riga ta wuce.

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke da kika dama wa dabba koko, kika zuba mata a kan kara, me kike so ta yi? Ta yi miki godiya ta wuce? Da kin kafa shi a sama ma, gara da ɓeraye ne za su yi sallah."

"To Gwaggo, da kika gani me ya hana ki faɗa?"

"Kin tambaye ni? Ai cewa kika yi kimiyya ce."

Atika ta sunkuyar da kai. Ta matsa kusa, ta ja ƙwaryar waken gabanta ta kama tayawa. Sai da suka kusa gamawa ta ce, "Gwaggo, na tuba. Da me zan haɗa?"

"Yanzu kika yi magana. Ƙaro shi ke riƙewa. Makuba kuma, ruwan ɓawon ɗorawa, ita ke hana baki taɓawa. Da ita muke daɓe tun ba a san siminti ba, ni da uwarki."

Lokacin ɗorawa ne, ɓawonta ko'ina. Suka jiƙa shi a randa kwana biyu har ruwan ya yi ja wur, suka narka ƙaro a ciki. Karon farko allon ya ruɓushe, ruwa ya yi yawa. Atika ta auna da gwangwani ta rubuta, Gwaggo ta auna da yatsa ta ce a ƙara ƙaro. Na uku ya fito ja-ja, da tauri, ba kyan gani kamar fararen nan na baya.

"A kira mai duba aiki," in ji Gwaggo.

Aka miƙa wa akuya. Ta sansana, ta yi atishawa, ta juya baya ta yi tafiyarta. Matan gida suka rangaɗa guɗa, aka duƙufa yin sauran alluna.

Ranar Juma'ar ƙarshe aka fito da Malam inuwar zaure, kafinta ya cire robar ya kafa sababbin alluna. Da aka mayar da tsoho, ya daɗe yana kallon sama, yana jan numfashi a hankali.

"Wa ya yi daɓe?" ya tambaya.

"Ba daɓe ba ne, Baba, silin ne."

"Ƙamshin ɗakin Zulai ne, ranar da aka kawo ta." Zulai ita ce mahaifiyarsu. Atika ta fita da sauri, don kada ya ga hawayenta.

Asabar da azahar Iliyasu ya iso. Ko kashe motar bai yi ba, wai ba zama zai yi ba. Ya shigo da sallama yana share zufa, Atika na biye da shi. A bakin ƙofa ya tsaya cak. Ɗakin ba sanyin firji ba ne, amma mutum zai zauna ya sha iska. Malam Ashafa kuwa yana kwance ya baje, yana ta minshari da tsakar rana.

"Tun yaushe?" Iliyasu ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun hantsi."

Ya dubi silin, ya ja hanci, ya sake ja. Shi ma ya gane ƙamshin. Sannan ya juya a hankali ya fita waje, Atika ta ji ƙarar motar ta mutu.