Rigar da Ka Aiko wa Saloma

…minti goma kacal, in ji mai hoto. Minti goma, Philemon. Yana ƙofar gida kan babur, yana jira in sa wa 'yarka rigar da ka aiko. Jibi abokin aikinka na soja zai koma Darfur, in hoton bai bi shi ba, sai yaushe kuma? Ga ta a kan gado — farin leshi mai ƙyalli, cikinta kuwa kamar ƙaiƙayin gero. Ka shafa cikin kafin ka saya? Ina za ka sani… Ka tafi tana da 'yan ƙuraje biyu a kumatu, ka ce zafin haƙori ne. Fatakwal tukuna, sannan Darfur. Yanzu shekararta huɗu.

Daina susa, Saloma. Sauke hannu.

Ba maganar da ta fi wannan fita daga bakina. Har 'yar tsanarta ta koya wa — jiya na same ta ta cusa mata safa a hannu, tana yi mata faɗa da muryata. Da muryata, Philemon.

Likita ya ce ba ƙazuwa ba ce, kirci ne, irin mai lafawa ya dawo, kuma ba a ɗauka. To wa zai je ya gaya wa matan coci? Ran Lahadi Theresa ta janye 'yarta daga bencinmu, a hankali, wai ɗankwali take gyara mata. Na gani. Saloma ma ta gani. A hanya ta ce, "Mama, ina wari ne?" Ni kuwa sai na saya mata rake. Rake!

Mahaifiyata ta kawo sassaƙe daga Dabai, ta ce ko wani abu na ci lokacin da nake da cikin Saloma. Na jiƙa, na yi mata wanka da shi, kwana uku bayan gwiwarta yana tsatstsafar ruwa. Ban gaya maka ba. Waya sau ɗaya a wata, layi yana yankewa — me zan fara faɗa? Lafiya lau. Kowa lafiya. Ka ce yaya 'yar Baba, na ce tana girma.

Tana girma ɗin kuwa. Wushiryarka ce sak a bakinta. Ba rafi, ba wasan ƙasa, ba gudu cikin rana, don zufa wuta ce a jikinta. Lokacin bikin Uhola ta taga ta ji ganga, tana rawa ita kaɗai a kan tabarma… Ka tuna yadda kake goga mata gemu tana ƙyalƙyala dariya? Gemun nan yanzu jini zai fitar. Ranar da ka sauka a tasha ka ware hannu, ni ce zan ce maka a hankali? Ni zan shiga tsakaninka da 'yarka? Ka dawo dai. Ka dawo ko da sau ɗaya wani ya riƙe mata hannu ni in zauna.

"Madam, rana na yi!"

Ina zuwa. Ina zuwa, mai hoto…

Tana son rigar. Ga ta can tana shafa ta da bayan hannu, ta ce ta Baba ce. In na sa mata, mako guda ke nan na susa, zanin gado duk jini. In ban sa ba, ka buɗe ambulan ka gan ta cikin tsohuwar rigar auduga, wuya ya yi baƙi, hannu duk ɓawo — ka ce me Keziah ta yi wa yarinyar nan? Ko ka ɗauka ba ta son kyautarka?

Zo nan, Saloma. Zo.

Na durƙusa, na ware hannu. Rungume ta kawai nake so, in ji ƙirjinta a nawa kafin in san abin yi. Ta taho. Saura taku ɗaya ta tsaya, ta juyo min da cikin gwiwar hannunta, duka biyun, ta runtse ido.

"Nan ne yau, Mama."

Man kaɗanya take jira. Ba komai a tafina, amma ita… Yaushe rabon da in taɓa yarinyar nan ba don magani ba? Yaushe, Philemon? Tana tsaye, ido a rufe. Hannuwana a buɗe — na rasa inda zan sa su…