Kwamfutar da Aka Hana Barci

Malama na tsakiyar yi wa bango bayani, tana gwada yadda za ta amsa tambayoyi, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ta danna nan, ta danna can, ta jijjiga ta kamar mai tashin yaro makaranta. Ko gezau. 'Yar fitilar gefe ce kawai ke lumshewa tana buɗewa, alamar wai barci ake yi.

"Injiniya," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Zo ga 'yarka ta sake suma."

Ba injiniya ba ne. Malamin lissafi ne a sakandare, ƙannen matarsa ne suka laƙa masa sunan tun ranar da ya kwance fankar falo ya mayar, ya tashi da ragowar ƙusoshi a hannu. Ita kuma Malama, matar tasa, suna ce mata Dakta-saura-ƙiris, don shekaru ke nan tana fama da digirinta na uku. Yau da rana za ta kare kundinta, kuma ta bidiyo za a yi, saboda babban mai jarrabawar yana wata ƙasa. An riga an ja mata kunne cewa idan ta ɓace a tsakiyar zama, ba mai sake tattaro waɗannan farfesoshin wuri guda sai baɗi, in ma an dace.

A idon kowa a gidan, laifin Injiniya ne. Watannin baya ya goge mata manhajar da kwamfutar ta zo da ita, ya zuba mata tasa, irin ta kyauta ɗin nan da mutanen duniya ke haɗuwa su rubuta, kowa na iya buɗe cikinta ya gani. Shi bai ɗauke ta kayan aiki ba, aƙida ya ɗauke ta. Ya yi wa'azinta a ɗakin malamai har aka daina zama kusa da shi lokacin shayi. Ya yi wa mai aski. Ya taɓa yi wa wani bawan Allah da hanya kawai ya tambaye shi. Kuma tsakani da Allah abin ya yi ta aiki lafiya lau, sai makon jiya kwamfutar ta tsiro da wannan sabon hali.

Ya danne makunnin har ta mutu, ya sake tayar da ita, yana bayanin da ba wanda ya roƙe shi. A cewarsa manhajarsa ba ta da laifi, laifin bayos ne, wato 'yar manhajar da kamfani ke dasawa can cikin ƙarfen, wadda ke riga kowa tashi idan an kunna, ita ce kuma ke kula da barci da farkawa. Ta wannan kwamfutar ta iya kwanciya, tashi ne ba a koya mata ba. Malama ta ce to ai ta san wanda ta gado.

Ya leƙa shafin kamfanin, ya tarar sun fitar da gyara, amma gyaran ba ya hawa sai ta kan tsohuwar manhajar da ya goge da hannunsa. Wannan bai faɗa wa kowa ba. Ya zarce zauren 'yan aƙidarsa na intanet, ya yi ta tono har ya ci karo da wani mai irin wannan kwamfutar da irin wannan ciwon, tun shekarun baya. Zuciyarsa ta yi fari. Ya gangara ƙasa da sauri, sai ya ga mutumin ya dawo ya rubuta: na gyara, na gode. Bai ce ga yadda ya yi ba. Injiniya ya yi wa wannan baƙo addu'o'in da ba su dace da bakin malamin makaranta ba.

Tunda tashi ya gagara, sai ya koma neman abin da ke sa ta kwanciya. Ya buɗe bayanan da manhajar ke ajiyewa na duk abin da ya same ta, ya ga kafin kowace suma an rubuta cewa an rufe murfi. Murfin kuwa a wangale yake, kowa shaida ne. Ya ce ga shi nan, bayos ɗin har ƙarya take yi.

Ya zauna da kansa don ya kama ta. Ya buɗe babi na huɗu na kundin, don shi ya fi tsawo, ya yi ta gangarawa yana haurawa ba tare da idonsa ya tsaya kan layi ɗaya ba. Babin nan shi ne ran Malama. Shi ne na gwajin ruwan rijiyoyin birni, wanda ta yi damina da rani tana bin lunguna da kwalabe a jaka, karnuka na bin ta, har ta kwanta asibiti da zazzaɓin taifot. Tun watan jiya ta ba Injiniya babin ya karanta, ya dawo mata da shi ya ce ya yi ma'ana ƙwarai, musamman ƙarshensa.

A hannunsa kwamfutar ta zauna kamar mutuniyar kirki. Malama na komawa kujerar, ta ɗora hannu za ta rubuta, sai ɗif.

Mama, mahaifiyar Injiniya, da ta zo tun makon jiya don a yi wannan rana da ita, tana kan doguwar kujera tana kallon su. Ta ce ita dai a iya saninta, abin da ke lafiya a hannun wani ya ƙi a hannun wani, ba sukundireba ke gyara shi ba. Ɗan nata ya ce Mama don Allah. Ta ce ai ba ta ce komai ba.

Ya kifa kwamfutar, ya kwance bayanta, ya cire igiyar batir ya mayar, ya hure ƙurar da babu. Da ya zo ɗaurewa sai ƙusa ɗaya ta yi ɓatan dabo. Ya duba tebur, ya kakkaɓe riga, ya shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe. Yana can yana lalube ya ɗaga kai, sai ga ƙusar tana lilo a jikin awarwaron matarsa.

Ya daɗe a durƙushe yana kallonta. Awarwaron nan Mama ce ta zo da shi. A mota ta saya wurin wani mai talla da ya rantse yana maganin ciwon wuyan hannu, da mantuwa, da faɗuwar gaba. Da hannunta ta sa wa surukarta, ta ce kada ta kuskura ta cire sai an gama jarrabawa. Maganaɗisu ne jere a cikinsa. Ita kuma kwamfuta da ɗan maganaɗisun da ke cikin murfi take gane an rufe ta. Duk lokacin da Malama ta kwantar da hannun hagu a gefe, sai baiwar Allah ta ɗauka dare ya yi. Ashe bayos ɗin ba ta yi ƙarya ba, ruɗa ta aka yi, ko da yake rashin tashin dai har yanzu nata ne.

Ya ja matarsa kicin ya raɗa mata. Ta kalli awarwaron, ta kalle shi.

"To je ka gaya mata."

"Ke za ki cire kawai, ki ce yana matse ki."

"Ni? Yau? A gabanta?" Ta miƙa masa hannun. "Uwarka ce. Ga shi, cire ka kai mata, ka ce kyautarta ce ke neman kayar da ni."

Injiniya ya leƙa falo. Mama na zaune, ta kafa wa ƙofar kicin ido. Gaskiyar magana tsoronta yake ji. Mutumin da ya iya tsayawa gaban shugaban makaranta ya ce masa manhajar ofishinsa bauta ce, ya auna faɗa da bayos da faɗa da Mama, ya ga na bayos ya fi sauƙi.

Ya koma ya buɗe baƙin allon da ake ba manhajar umarni, ya yi abin da yake taƙama ba a iya yi a ta kuɗi. Ya ce mata daga yau ko an ce an rufe murfi, kada ta saurara. Ko an bar ta ba a taɓa, kada ta yi gyangyaɗi. Duk wata ƙofa da barci ke shigowa ya bi ya toshe. Sannan ya kamo hannun Malama ya goga awarwaron a gefen kwamfutar, ya sake gogawa. Kwamfuta ta tsaya ido biyu. Ya miƙe ya sanar da falo cewa yanzu ko sama da ƙasa za su haɗe, wannan na'ura ba za ta runtsa ba. Mama ta ce ai dama ta faɗa, tunda aka sa awarwaron nan komai zai warware.

Aka fara zama a kan lokaci. Injiniya ya rakuɓe a kusurwar da kyamara ba ta kaiwa, yana gadin 'yar fitila kamar mai jinya. Fuskoki suka bayyana a ƙananan akwatuna: shugaban zama, da wata farfesa mai tabarau, da babban mai jarrabawa wanda goshinsa da silin ɗinsa kawai ake gani. Suka tambaye ta kan gabatarwa, suka yi doguwar muhawara a tsakaninsu kan wani waƙafi a shafin farko, suka tsallaka kammalawa. Malama ta amsa komai, awarwaro na ta kai da komo a kan kwamfutar ba abin da ya faru. Daga ƙarshe shugaban ya ce ta sauka daga layi za su tattauna, za a kira ta a waya.

Ta yi godiya, ta sauke murfin kamar yadda ta saba, ta jingina da kujera ta buɗe baki za ta yi magana.

"Ta tafi?" in ji kwamfutar.

"Ga akwatinta nan ya yi baƙi," in ji muryar shugaban. "Ta tafi."

Sai yanzu Injiniya ya tuna. Ya gaya wa kowa ya hana kwamfutar barci, amma bai gaya wa matarsa cewa rufe murfi yanzu ba ya kashe komai ba. Suna jin farfesoshi, farfesoshi ma za su ji su in wani ya yi tari. Idan aka gane ɗaliba na sauraren shawarar da ake yi a kanta, ba maganar baɗi ake ba kuma. Makunnin yana ƙarƙashin murfi, in ya ɗaga shi, kyamara za ta tona su. Tun safe yake yaƙi da barcin na'urar nan, yanzu da za a sayar masa da shi da ya saya. Ya tuna akwatin intanet da ke baranda, ya yunƙura a hankali zai je ya zare shi.

Malama ta damƙe masa wuyan hannu. Ta girgiza kai. Mama ta leƙo da tire, ta ga surukarta ta ɗora yatsa a leɓe, ta ɗauka jarrabawa ake yi har yanzu, ta koma da sanɗa.

Mai goshin ya ce yarinyar ta iya magana, shi ba shi da ja. Farfesa mai tabarau ta ce sai dai a gyara waƙafin nan. Sai shugaban ya tambaya ko akwai mai abin cewa a kan babi na huɗu. Aka yi shiru, irin shirun da Injiniya ya sani a aji idan ya tambayi aikin gida. Mai goshin ya ce shi ya ɗauka Farfesa ce za ta duba wannan ɓangaren. Farfesa ta ce jadawalai sun yi yawa a ciki, ita kuma idonta. Shugaban ya yi 'yar dariya ya ce shi ma ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, kuma babin da ya kai haka nauyi ba zai rasa gaskiya a ciki ba. Suka amince ta ci, suka ɗan yi ƙorafin alawus, aka rufe taron.

Malama ba ta saki hannunsa ba. Ya saci kallonta, ya ga ba murna a fuskar, ba kuma kuka. Tausayinta ya kama shi, har da wata kunya da bai tsaya bincika daga inda ta fito ba.

Wayarta ta yi ƙara. Ta sa a bayyane ta ajiye kan murfin.

"Dakta," in ji shugaban, "ina taya ki murna. Kwamiti ya yaba da aikin nan. Babi na huɗu kuwa ya yi ma'ana ƙwarai, musamman ƙarshensa."

Ta yi godiya cikin ladabi, amma idonta na kan mijinta. Bayan ta kashe wayar, Mama ta shigo tana ta sa albarka, ta kama awarwaron tana juya shi, tana cewa da ta sani da biyu ta saya. Injiniya ya ga hanya ta samu, ya ce bari ya je ya sanar da ƙannenta cewa ƙiris ɗin ya cika.

"Injiniya," ta ce. "Me ke ƙarshen babin?"

Ya ce ruwa. Ya ƙara da cewa rijiyoyi.

Ta tashi daga kujerar, ta ɗaga murfin, fuskar kwamfutar na nan tar kamar ba a taɓa rufe ta ba. Ta nemo babin, ta mayar da shi layin farko, ta juya kujerar ta fuskance shi.

"Zauna," ta ce. "Ai ka ce ba ta barci. Kai ma haka."